Kwali Mai Jan Zobe

"—to in a'a ne ki ce a'a mana, Afiniki. Bakinki ciwo yake?"

"Ban ce a'a ba, Mama."

"Kin ce e?"

"Ban ce ba."

Mama ta juya kifin da ke cikin kasko da ƙarfin da ya wuce na suya, mai ya fantsamo mata a zane. Ko dubawa ba ta yi ba. Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu ina jira ta kwashe in jera. Ruwa ya ɗauke tun asuba, amma rumfarta da ke ƙofar gidanmu na yoyo ta gefe guda, ɗigon na faɗawa cikin bokiti, ɗis, ɗis. Shi nake saurare.

"Yau Laraba," in ji ta. "Asabar mutanen Gilbert za su zo. Har uwansa daga Samaru Kataf, matan da ƙafa ke damunta. Na gaya wa Fasto. Na aro kujeru. Shugaban zumuntan mata da bakinta ta ce za ta zo da mutum biyar, kin ji? Shekara biyu ba su taka gidan nan ba. Ke kuma kin tsaya mini kamar turken akuya."

"Mama, kifin zai ƙone."

"Bari ya ƙone. Ni ma ƙonewa nake."

Masu karatu, na ga abin da kuka rubuta mini a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata ta ce, "Afiniki, ke dutse ce?" Wata ta ce in ba na son shi in turo mata lambarsa. Ban ji haushi ba. Da ma a ce na ji.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Afiniki Azariya, shekarata ashirin da shida, a Takau muke cikin Kafanchan. Mamata kifi take soyawa ta sayar. Babana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya koma noman citta, har ranar da ya faɗi a gona wata bakwai da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Ina bautar ƙasa a bakin teku aka kira ni. Na yi kwana biyu a mota ina kuka, na iso na gan shi kwance yana kallona da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗaya a lanƙwashe, sai kukan ya tsaya. Tun ranar wani abu ya ɗauke a cikina kamar yadda wuta ke ɗaukewa, ba sanarwa. Ina ci, ina wanki, ina zuwa sujada a coci. In an yi dariya na buɗe haƙora. Shi ke nan.

Kuma Gilbert ba shi da laifin da zan nuna da yatsa. Shekararsa talatin da huɗu, yana da ɗakin sanyi a bayan kasuwa inda duk masu kifin garin nan ke sari, yana cikin mawaƙan cocinmu da murya mai kauri. Duk Asabar yakan zo da reza ya aske wa Baba gemu, a hankali, yana ba shi labarin ƙwallo kamar zai amsa. Shi ke ɗaukarsa a hannu ya sa a mota in za a kai shi asibiti gashin ƙashi. Na karanta littattafan soyayya sun fi ɗari, na san daidai inda zuciyar yarinya ta kamata ta buga. Nakan tsaya in saurara. Shiru.

A danginmu, ranar da mutanen namiji suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, ba a tambayar yarinya a gaban jama'a. Girki take yi. Saurayi ya kawo cefane, ita ta dafa da hannunta, ba mai taya ta ko da yankan albasa. In ta ɗauki kwano na farko ta kai gaban uwarsa ta durƙusa, an gama magana, sai guɗa. In kuwa ta aiko wata da kwanon, baƙi su ci su sha, a yi addu'a, kowa ya kama hanya, ba wanda aka kunyata a fili. To wannan kwanon ne ya hana Mama sukuni, don ta kasa karanta fuskata.

Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Ina kwana sarauniyan Takau ❤️ Ƙarfe goma zan zo in ɗauke ki. Ki zo ki zaɓi kifin Asabar da kanki. Duk kol rum ɗin naki ne 🐟"

Na rubuta, "To."

"To kawai? 😩"

"To, Allah ya kai mu."

"Wata rana sai kin kashe ni, bebi 😂"

Na mayar da wayar. Mama na kallona ta gefen ido.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Ki sa kaya mai kyau. Kar ki je mini da wannan rigan kamar mai zuwa niƙa."

Kafin wanka sai na ba Baba abinci, don ba ya karɓa a hannun kowa da safe sai ni. Gwaten acha ne da kifin shawa, wadda na dafa a ruwa ba mai, na zauna na cire ƙayoyinta ɗaya bayan ɗaya. In kun san shawa kun san wannan aiki ne na mai haƙuri ko na wadda ba ta jin komai. Nas ɗin asibiti ta ce a rage masa gishiri da jan nama, a riƙa ba shi kifi mai maiƙo sau biyu ko uku a mako, don yana taimakon zuciya da jijiyoyin jini. Mama ta ɗauka ana nufin babban kifi mai tsada. Ni na san ba haka ba ne, kuma ba a makaranta na koya ba.

A ƙauyen masuntan da aka tura ni koyarwa, can Akwa Ibom, ɗakin wata tsohuwa na kama, Mama Edna, mai bandar kifi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Wonderful na garinmu ba, sai ga ni a gaban ruwan da ba shi da tsallake. Da yamma nakan bi ta bakin gaɓa ta tari kwale-kwale. Wata rana aka juye mata daro cike da 'yan mitsi-mitsin kifaye masu sheƙi, tsawon ɗan yatsa. Na ce, "Kai, kyawawa." Ta dube ni kamar na yabi gawa.

Ta ɗauki guda ta ɗora a tafin hannuna. Ta ce wannan kuroka ne, da an bar shi da ya kai tsawon hannuna har gwiwar hannu, ya zuba ƙwai dubbai. Manyan jirage ne ke jan raga mai ƙananan ido su share ƙasan teku, uwa da jariri, abin da ba sa so su sayar wa masu kwale-kwale. Ta ce lokacin ƙuruciyarta mijinta kan fita da asuba ya dawo kafin rana ta take, jirgi na neman nutsewa don nauyi. Yanzu 'ya'yanta kan kwana biyu a ruwa su dawo da abin da ba zai cika tukunya ba.

"Malama," ta ce, "ƙaramin kifi daban, jaririn kifi daban. Shawa ko ta tsufa ƙarama ce, ki ci abinki, tana hayayyafa da sauri. Amma wanda ya ci jariri, abincin jikansa ya ci."

Nas ɗin ƙauyen ce ta ƙara mini ɗayan rabin: manyan kifayen da ke cin 'yan uwansu, irin su shak da barakuda, suna daɗewa a ruwa suna tara guba irin ta zaiba a naman jikinsu, kuma mai ciki da ƙaramin yaro su ne ya fi cutarwa. Sai Mama Edna ta koya mini duban ido da ciki da ƙamshi. Abin da na dawo da shi daga bautar ƙasa ke nan, ban da takarda da baƙin fata.

Baba ya haɗiye loma ta ƙarshe. Na goge masa baki. Ya riƙe mini yatsa da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba. Na jira in ji wani abu. Na ji dai hannunsa da ɗumi.

A ɗaki na tarar da yayata Keziya ta baje a kan gadona da cikinta wata bakwai, tana cin gyaɗa. Ta zo gida ne don hidimar Asabar, amma hidimarta ɗaya, sa ido.

"Wai ke ina kika kai yankan nan babba da Gilbert ya aiko mini?"

"Na ba Kawu Levi."

"Kifina? Yesu! Mutum ya ce a ba mai ciki ta ƙara jini!"

"Barakuda ne. Ba na mai ciki ba ne. Akwai kote a firij."

"Kote! Ni da mijina ke aiki a Abuja zan ci kote? Don kin je kin ga teku sau ɗaya kin dawo kin zama likitan kifi. Allah ya sa ɗana ya fito da kai irin naki, mu ga yadda za ki yi da shi."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa, sannan ta tashi da ƙyar ta buɗe akwatina. Ita ta zaɓar mini riga da siket na atamfa mai ruwan ganyen ayaba, wanda aka ɗinka don bikin 'yar Kawu Levi, mai hannu a kumbure. Ta gyara mini bakin kitso, ta matse mini haɓa ta shafa janbaki. Na ce akwai taɓo a hanya, takalmin roba zan sa. Ta ce in na sa takalmin roba za ta haihu a nan take, in san yadda zan yi.

Na durƙusa neman takalmi mai tsini a ƙarƙashin gado, sai da na jawo kwalin littattafaina kafin in kai gare shi. Tsohon kwalin kifin taitus ne, gefensa ya ɗan lotsa, gindinsa da tabo ruwan ƙasa da ya ƙi fita duk da kwana uku da na shanya shi a rana. A murfin akwai zobe da aka zana da jan alƙalami. Kullum ina ganinsa, na ɗauka tambarin masu kamfani ne. Duk masoyan da na sani a ciki suke kwance, masu kuka cikin ruwan sama da masu gudu tashar mota. Na tura shi ya koma.

Goma saura biyar Gilbert ya yi hon. Farar riga mai gajeren hannu, agogo, turaren nan nasa da ke riga shi shiga ɗaki. Ya shiga ya gai da Baba tukuna, ya durƙusa har ƙasa. Ya tsaya a rumfa ya ɗauki wutsiyar kifi a tiren Mama ya ce duk Kafanchan ba mai hannunta. Mama ta yi dariyar da na manta tana da ita.

"Ɗana, ka yi haƙuri da yarinyan nan. Haka ubanta yake, sai an tona."

"Mama, ai ni manomi ne. Zan tona."

A mota ya sa waƙar coci a hankali. Ya ce na yi kyau. Na ce na gode. Ya ce mamansa ta ɗinka sabon zane. Na ce Allah sarki. Muka tsallake layin dogo, muka ratsa masu acaba da masu doya, ruwan kwata na gudu ja a gefen titi. Ina kallon mutane ta gilashi kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Ɗakin sanyin yana bayan shagon, ƙofarsa mai kauri kamar ta banki. Kafin mu shiga ya ciro wata babbar rigar sanyi daga ƙusa ya yafa mini a kafaɗa, ya gyara wuyan da yatsunsa. Masu karatu, kun san wannan wurin. A littafi nan ne numfashi ke tsayawa. Ni na lura dai rigar na warin kifi da turarensa.

Ya ja ƙofa, farin tururi ya fito ya lulluɓe mana ƙafafu. Muka shiga. Kwalaye ne jere har sama, fitila ɗaya, injin na gurnani. Sanyin ya ratsa tsinin takalmina ya hau. Zan faɗa muku gaskiya, na ji daɗinsa. Karo na farko cikin wata bakwai da waje da cikina suka zama daidai.

"To, sarauniya. Ga masarautanki." Ya buɗe hannu. "Amma tsaya ki ga abin da na ajiye miki."

Ya janye wani buhu. Barakuda ne, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina, baki a buɗe, haƙora kamar ƙusoshi.

"Daga Legas na sa aka kawo musamman. In aka ɗora kan wannan a tire, mutanen Samaru za su san gidan da suka zo."

"Akwai mai ciki a gidan. Akwai Baba. Ba zan dafa wannan ba."

"Haba bebi, girman baƙo ai girman kifi ne."

"Taitus nake so. Ko kote."

"Taitus? Abin da ake ci kullum?" Ya yi dariya, tururi na fita daga bakinsa. "To, ranan naki ne."

Na bi layin kwalayen ina karanta abin da aka buga a jikinsu, ƙasar da aka kamo da watan da aka daskarar. A tsakiya na ga wani a buɗe, cike da 'yan ƙanana masu sheƙi, tsawon ɗan yatsa, sun daskare a manne kamar tsabar kuɗi.

"Waɗannan jarirai ne, Gilbert."

"Su ne ke tafiya kamar wuta! Mata na son su, suna cika faranti."

"Ko ƙwai ba su taɓa yi ba."

"Bebi, teku ne fa. Kin gan shi da idonki. Wannan ruwan zai ƙare?"

Na rufe kwalin. Shi bai taɓa ganinsa ba, sai a waya. Na tuna tafin hannuna da abin da Mama Edna ta ɗora a kai, na wuce.

Kusa da ƙofa, a gefe guda, akwai tarin taitus da aka ware, kwali kamar ashirin. Na ɗaga murfin na sama. Kifayen sun lanƙwashe sun manne da juna, idanunsu sun faɗa sun yi fari, cikin wasu ya fashe. A gindin kwalin ruwa ja-ja ya taru ya zama ƙanƙara. Duk wadda ta zauna da Mama Edna wata guda ta san ma'anar wannan: ya narke, ya zauna cikin zafi, an sake daskarar da shi. Na mayar da murfin. A kansa akwai zobe da jan alƙalami.

Na dubi na ƙasa. Zobe. Na kusa da shi. Zobe.

"A'a, a'a, kar ki taɓa wancan." Gilbert ya kamo hannuna ya janye ni da murmushi, kamar mai hana yaro wasa da wuta. "Ba naki ba ne. Naki na ciki."

"Na wa ne?"

"Na ƙauye. Motan da ya ɗauko su ya lalace a hanyan Kagarko, kwana biyu a rana kafin a samo makanike. Ka san... kin san harkan nan, ko mota ko wuta ko janareto, dole wani abu ya faru. Ba a zubar da kaya, bebi. Sai mu sa alama don kar mu rikice. In aka soya da yaji, wa zai sani?"

Wanda bai sani ba shi ne, taitus in ya narke ya kwana cikin zafi yana haifar da wani abu a namansa da wuta ba ta kashewa. A soya shi har ya ƙone, yana nan.

"Tun yaushe kake sa alamar?"

"Tun da na buɗe. Kowa na yi, ni dai na fi su tsari."

"Mama fa?"

"Haba!" Ya dafe ƙirji. "Tun ranan da na fara zuwa gidanku na ce kar a ƙara ba Mama mai zobe. Ko ɗaya. Mama ta zama gida."

Ya faɗe shi ne kamar mai miƙa fure. Yana jira in ji daɗi.

Kar a ƙara.

Masu karatu, na ce muku shekara biyu matan zumunta ba su taka gidanmu ba, ban faɗa muku dalili ba. Shekara goma sha ɗaya Mama ce ke soya kifin godiyar kaka, bikin amfanin gona, a cocinmu. Waccan shekarar, 'yan watanni kafin in tafi bautar ƙasa, ta saro kwali huɗu, muka soya tun safe har azahar. Ba a gama rabon shinkafa ba mutane suka fara susa. Fuskoki suka yi ja, wasu suka kumbura, wasu amai a bayan coci, matar Fasto sai da aka kai ta asibiti. Ba wanda ya mutu. Amma ranar Alhamis aka kira Mama gaban zumunta. Wata ta ce tsohon mai ta yi amfani da shi. Wata ta ce ƙazanta. Wata ta yi ƙasa da murya ta ce a bincika hannun, ko da maita. Ina leƙe ta taga na ga uwata cikin anko ɗin zumunta ta durƙusa a kan siminti tana cewa a gafarta mata, ita ba ta san abin da ta yi ba, amma a gafarta mata. Aka karɓe girkin aka ba wata. Ta dawo gida ta jefar da kaskon da ta gada wurin kakata. Har yau a bencin ƙarshe take zama, kuma har yau in za ta soya kifi sai ta shinshina man sau uku.

Cikin kwalayen nan huɗu na ɗauki ɗaya na shanya, na zuba littattafaina.

"Ka tuna godiyar kaka ta shekara biyu da suka wuce?" Muryata ta fito daidai, kamar ina tambayar ƙarfe nawa.

"Wanda mutane suka yi ta susa? Kai, ranan! Ai mu mawaƙa rabinmu ba su iya waƙan rufewa ba." Ya girgiza kai yana dariya. "Ni Allah ya taimake ni, nama kawai na ce a sa mini."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Na ga lokacin da ya ji. Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba.

"Afiniki. Lokacin ban san ki ba."

"Ka san ta."

"Kwastoma ce kawai lokacin... ba haka nake nufi ba. Ji mana. Ba wanda ya tabbatar daga kifin ne. Kuma an wuce wurin. Dubi yadda nake da Mama yanzu. Dubi Baba."

Na duba. Na ga hannunsa da reza a haɓar Baba, a hankali. Na ga uwata a kan siminti. Duka biyun gaskiya ne, kuma suka tsaya a gabana gefe da gefe kamar kwalaye. Na jira fushi ya zo. Na ba shi hanya. Abin da na ji kawai shi ne yatsun ƙafata sun daina jin takalmi.

Aka buga ƙofar daga waje da tafin hannu.

"Oga Gilbert! Kana ciki? A ba ni kayana, mai mota zai tafi ya bar ni!"

Ya ja ƙofar da sauri kamar wanda aka ceto. Wata mata ce gajera, zane ɗaure a kan rigar sanyi, takalmin ruwa, gammo a hannu.

"Maman Godogodo! Sannu da hanya. Guda nawa yau?"

"Ɗaya. Gobe kasuwa."

Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya juya ya sungumi na saman tarin, wanda na buɗe yanzu, ya ɗora mata a ka. Sai da ta gyara gammon ta ɗago ido ta gan ni cikin babbar riga.

"Afiniki? Ke ce? Yesu mai ceto!" Ta dubi Gilbert, ta dube ni, ta saki guɗa a cikin ɗakin sanyi har ta yi amsa-kuwwa. "Ashe Oga ne surukin da ake ta ɓoye mana! Shekara huɗu ina saye a nan ban sani ba ɗana nake ba ciniki! Yaya jikin Yaya Azariya? Asabar ina nan tun safe, na ce wa uwanki ni zan yi guɗan farko."

Anti Dinah ce, ƙanwar Babana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ke ciyar da jikoki uku da tiren kifi a bakin titin Godogodo, kuma abin da ya kwana bai sayu ba su ke cinye shi.

"Anti... ki ce Anti ce," in ji Gilbert. Ya miƙa hannu biyu. "Kawo, Mama, kawo wannan, na yi kuskure, bari in canza miki da na ciki."

"Wane kuskure? Ai irin shi kake ba ni kullum, mai jan zoben nan. Har na ce wa mata shi ne na asali."

Gilbert ya sauke hannuwansa. Injin na ta gurnani.

Na cire rigar sanyin na rataye a kafaɗar Gilbert. Na taka zuwa wurin Anti, na sa hannu na sauke kwalin daga kanta. Yana da nauyi, sanyinsa ya ratsa atamfar ya kama mini ciki, ruwan gindinsa ya fara ɓata mini siket. Ban ajiye ba.

"Anti, a ba ki wancan na ciki, marar zane. Wannan nawa ne."

"Bebi, me kike yi? Ajiye mu yi magana a mota."

Ku da ke karantawa, kar ku tsorata. Na san ba zan bar tsohuwa mai ciwon ƙafa ta kai lomar nan baki ba, ko da zan kaɓar da kwanon da ƙafata. Ni na san haka. Shi bai sani ba, don wata bakwai yana duban fuskata bai taɓa karanta komai a kai ba. Yau ta yi mini rana.

"Ka ce in zaɓa da kaina," na ce masa, a gaban Anti Dinah, da muryar nan tawa da ba ta hawa ba ta sauka. "Na zaɓa. Wannan zan dafa ranar Asabar, kuma ba zan aiki kowa ba, ni da hannuna zan kai wa mamanka kwano na farko in durƙusa. In ba ka so ta ci, sai ka miƙe a gaban Fasto da matan zumunta da uwata, ka faɗa musu dalili."